Godiya Ga Ofishin Ba Da Izinin Gini Na Birnin San Hose

Zuwa ga ma'aikatan ofishin ba da izinin gini na birnin San Hose, jihar Kalifoniya,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Bayan haka, na rubuto ne in gode muku a bainar jama'a, kuma da harshena, don 'yan'uwana mazauna Amurka su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa kafin su saki kuɗinsu.

Da Hajiya mahaifiyata ta taso daga Zariya ta dawo wurinmu, gidan ya yi mana kaɗan. Tsohuwar da ta saba da sashenta da tsakar gidanta ba ta iya zaman ɗaki ɗaya da jikoki. Sai muka yanke shawarar ajiye mata ɗan gida a bayan namu, irin wanda a nan ake kira ADU. A gida da boskwata za mu ce, sai dai wannan yana da kicin da banɗaki da ƙofarsa, kuma doka ta san da zamansa. Muka zaɓi wanda ake ƙerawa a masana'anta a kawo shi a tirela.

Wani dillali ya tabbatar mini cewa tunda jiha ta liƙa wa gidan tambari, ba ruwan hukumar birni da shi. Saura ƙiris in ba shi kafin alƙalami, Allah ya sa na fara biyowa ta ofishinku a titin Santa Kilara.

Baiwar Allahn da ta saurare ni farar takarda ta ɗauko ta ja layi a tsakiya. Abin da ke saman layi, in ji ta, na jiha ne: hukumar gidaje ta HCD ke da alhakin ginin tun yana masana'anta, wayoyin lantarkinsa da famfonsa da ƙarfin katakonsa, kuma in ta liƙa tambari birni ba ya sake ɓalle bango don dubawa. Abin da ke ƙasan layi kuwa naku ne: harsashi, wurin da za a sauke gidan, haɗa ruwa da wuta da bututun ƙazanta. Ta kuma tambaye ni ko gidan na tsarin jiha ne, ko kuwa irin mai firam ɗin ƙarfe da ake ƙerawa bisa ƙa'idar HUD, ma'aikatar gidaje ta gwamnatin tarayya, tun 1976. Na yi tsuru-tsuru. Ashe abin da nake shirin saye ma ban san sunansa ba.

Ita ce ta karanta mini haƙƙoƙin da dokar jiha ta ba ni tun Janairun 2020, alhali ofishinta ne dokar ta ɗaure wa hannu. In takarduna sun cika, dole a ba ni amsa cikin kwana 60. Tazarar ƙafa 4 daga katangar baya da ta gefe ta wadatar. Gidan da bai kai murabba'in ƙafa 750 ba an yafe masa kuɗin da ake ɗora wa sabon gini saboda nauyin da zai ƙara wa unguwa, shi ya sa muka tsaya a 640. Tunda kuma tashar bas ba ta kai rabin mil daga gidanmu ba, ba sai na tanadi wurin ajiye mota ba. Da na rage murya na tambaya ko akwai abin da zan ajiye, ta ɗauka takarda nake nufi, ta ce zanen harsashi kawai ya rage.

Sau ɗaya kuka dawo mini da zanen, kuka nuna daidai inda bututun ƙazanta ya kauce. Ranar na ji haushi, amma mai aikin famfona ya ce gaskiyarku.

Yanzu Hajiya ta tare. Tazarar nan ta ƙafa 4 da ke bayan ɗakinta ta mayar da ita lambu, yakuwa da kuɓewa har sun fito. Ta nace sai na kawo muku dambun nama, na ce mata ma'aikatan nan ba a ba su tukwici a kan aikinsu. Ta ce to in rubuta, ga shi na rubuta.

Naku,
Wani mazaunin San Hose