Rahoton Ayyukan Shekara: Gwajin Hanyoyin Kintacen Asarar Amfanin Gona a Kwarin Kogin Kano da Haɗeja

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi.

A babban taron bara kun ɗora wa kwamitin fasaha aiki guda: ya duba hanyoyin lissafin da ake kintata asarar amfanin gona da su idan ruwa ya gaza ko ya yi yawa, ya faɗa mana wacce za mu riƙa kafa hujja da ita a zaman rabon ruwan rani. Kun san yadda ruwanmu yake tafiya. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 su ke riƙe da shi, gonakin Kadawa, Kura da Bunkure su sha, sauran ya gangara ta Wudil zuwa Auyo da Haɗeja har dausayin Nguru. Duk ƙofar da aka buɗe a sama, akwai wanda zai gode, akwai wanda gonarsa za ta kwanta cikin ruwa.

Hanya ta farko da muka gwada ita ce tsohon lissafin 1979 na FAO, Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda manhajar CROPWAT ke aiki da shi. Kowace shuka tana da lambarta, ana ce mata Ky, sai a ninka ta da kason ruwan da shukar ta rasa. Masara 1.25 ce, alkama irin tamu 1.15, tumatir 1.05, dawa 0.9. Idan aka rage wa gona kashi 20 cikin ɗari na ruwan da take buƙata a kaka guda, masara za ta yi asarar kashi 25, alkama 23, dawa 18. Da biro da takarda ma ana yin sa. Ya kuma san cewa ƙishirwa ba ɗaya ba ce a kowane lokaci: lambar masara 0.4 ce tana ƙarama, amma ta kai 1.5 lokacin da take fitar da geza. Mako ɗaya na rashin ruwa a wannan gaɓar ya fi na farkon shuka ɓarna nesa ba kusa ba.

Inda ya gaza shi ne ƙishirwa kawai yake gani. Gonar da saiwarta ta nutse, a wurinsa ta ƙoshi, asararta sifili. Idan kuma ƙarancin ruwan ya haura rabi, lissafin ya daina tsayawa daidai.

Ta biyu ita ce manhajar AquaCrop, wadda FAO ta fitar a 2009. Ita kullum-kullum take bin shuka: yadda ganye ke rufe ƙasa, zurfin saiwa, ruwan da ya fita ta ganye, sannan ta mayar da shi nauyin amfani. Ana iya shigar mata da zurfin ruwan ƙarƙashin ƙasa da gishirinsa, kuma tana rage girman shuka idan ƙasa ta cika da ruwa har iska ta ƙare wa saiwa. A gonakin tudu masu rairayi, amsarta da ta CROPWAT ba su yi nisa da juna ba. A kwari mai laka, musamman inda kacala ta toshe magudana ruwa ya rasa mafita, sun rabu sarai: CROPWAT ta ce a ƙara ruwa, AquaCrop ta ce a yashe magudana. Da muka je gonakin, alkamar ta yi ɗorawa daga ganyen ƙasa, saiwar ta yi baƙi tana wari, sandar da aka soka ta fito jiƙe tun ba a kai kamu ɗaya ba. AquaCrop ce ta yi gaskiya.

Sai dai tana da cin bayani. Tana son zafin rana da sanyin dare na kowace rana, ruwan sama, da ƙiyasin ruwan da iska da rana ke ɗebewa. A nan muka fi yin tuntuɓe. Inda babu ma'aunin iska da laima, an koma lissafin Hargreaves mai dogaro da zafi kaɗai, shi kuwa yana rage buƙatar ruwa idan iska ta yi ƙarfi. Wato a tsakiyar hunturu, daidai lokacin da alkamar da aka shuka daga tsakiyar Nuwamba ke tasowa, sai ya nuna gona ba ta da ƙishi alhali tana da shi. Kuskure na biyu namu ne: barin bayanan irin da manhajar ta zo da su maimakon saka kwanakin irin da manomi ya shuka. Kwanakin tsiro, na fure da na nuna, dole a ɗauko su daga gona.

Ta uku ba manhaja ba ce, ƙidaya ce, SEW30. Duk ranar da ruwan ƙasa ya hau sama da zurfin santimita 30, a rubuta da nawa ya haura, a tara. Ruwa a zurfin santimita 10 na kwana biyar ya ba da 100. Ba ta faɗin buhu nawa za a rasa sai an gwama ta da girbin shekaru, amma ta fi kowacce saurin nuna gonar da ke nutsewa. Ba a amfani da ita ga shinkafa.

Mun leƙa hanyoyin ƙasar Holan ma, teburin ƙiyasin asara na HELP na 1987 da tsarin da ya gaje shi a 2018, wanda aka gina kan manhajojin SWAP (mai bin ruwa a cikin ƙasa) da WOFOST (mai bin girman shuka). Dabarar haɗa asarar fari da ta jiƙa da ta gishiri wuri ɗaya ta burge mu. Lambobin kuwa na ciyawar shanu ne da dankalin Turawa a ƙasa mai sanyi, ba za su zauna a Kadawa ba.

Game da gishiri, ga iyakokin da muka yi aiki da su: albasa ta fara raguwa daga 1.2 dS/m (ma'aunin yawan gishiri a ƙasa), masara 1.7, tumatir 2.5, shinkafa 3, alkama sai 6. Mai ganin farin kanwa a kan kunya ya auna ƙasarsa kafin ya dasa albasa.

Shawarar kwamiti ita ce a riƙe CROPWAT don rabon ruwan kaka gaba ɗaya, AquaCrop don tsara ban ruwa a inda muke da bayanan yanayi, SEW30 kuma a duk gonar kwari. Kada wakilinmu ya shiga zaman rabon ruwa da lambar CROPWAT ita kaɗai idan yana magana da yawun mutanen kwari.

Aikin baɗi shi ne yawaita bututun awon zurfin ruwan ƙarƙashin ƙasa. Kowane rukunin manoma zai kafa aƙalla ɗaya: bututun roba mai faɗin santimita 5, tsawon mita 2, a huda rabin mita na ƙasansa, a naɗe da ƙyalle, a zuba tsakuwa kewaye, a toshe saman ramin da laka. Idan ba a toshe ba, ruwan ban ruwa zai bi jikin bututun ya shiga, awon ya lalace. A sa murfi saboda yara da tsakuwa. A auna da safe kafin a buɗe ruwa, sau biyu a mako, kullum idan an yi ambaliya, a cire tsawon da ya fito saman ƙasa. Lokacin girbi a yanke murabba'in mita ɗaya a wurare uku kusa da bututun, a shanya, a auna da sikeli, ba ƙiyasin buhu ba. Sakatare zai raba takardun rubuta awon a ƙarshen wannan taro, shugabannin rukuni su mayar da su ofis ƙarshen kowane wata.

Kwamitin Fasaha