Masu Prius 'Yar Kwatano: Ayyukan Da Za Ku Iya Yi Da Hannunku

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida domin in yi magana da masu motocin haibirid, wato masu haɗa injin fetur da na lantarki. Tun da aka janye tallafin mai a 2023 mutane suka ƙara waiwayar irin waɗannan motoci, amma yawancin waɗanda ake shigo mana da su sun riga sun sha tafiya. Zan tsaya kan Toyota Prius ƙirar 2010 zuwa 2015 mai injin lita 1.8. Kowa tsoron babban batir yake yi, alhali abin da ke kai motar ƙasa ƙananan ayyuka ne da ake sakaci da su, kuma mai mota zai iya yin mafi yawansu a gida.

A fara duba agogon tafiya. Idan motar daga Amurka ta fito, da mil take lissafi, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Wadda ta nuna 150,000 ta ci kilomita 240,000 ke nan, kuma da wannan adadi za a auna duk abin da zan faɗa.

Kafin a taɓa komai a kashe motar gaba ɗaya, a tabbatar fitilar READY, mai nuna motar a shirye take ta tafi, ba ta kunne, a kai makulli cikin gida. Haibirid tana iya yin shiru alhali a kunne take, injin ya tashi da kansa ana tsakiyar juye baƙin mai. Duk wayar da aka gani mai ruwan lemo kuwa ta babbar wuta ce. Babban batirin yana ba da bolt 201.6, na'urar juya wuta tana ɗaga shi har 650. Wannan ba hurumin mai gyara a gida ba ne.

Baƙin mai: 0W-20 ake sa mata, lita 4.2 idan an sauya da matacinsa. Matacin na takarda ne da ke cikin murfi, ana kwance murfin da sifana ta musamman mai milimita 64, a sauya zoben robar da ke zuwa tare da shi. A ƙura da zafi irin namu kada a wuce kilomita 8,000. Mai kauri irin 20W-50 da wasu ke ɗurawa da sunan injin ya tsufa kuskure ne, domin injin yana mutuwa yana tashi sau da yawa a tafiya ɗaya, yana bukatar man da zai zagaya nan take. Da yawa daga cikin waɗannan injina suna shan mai idan sun tsufa, don haka a zare sandar awo duk kilomita 1,000.

Yanzu ga babbar magana, wato fankar batir. Babban batirin yana bayan kujerar baya, kuma iskar cikin mota ce ke sanyaya shi. Akwai raga a gefen kujerar ta hannun dama inda fanka ke zuƙo iska. Ƙurar hunturu, zare da gashi suna taruwa a fukafukan fankar har su dunƙule, iska ta ragu, batir ya riƙa aiki cikin zafi. Shi kuwa guntaye 28 ne a jere, na tsakiya su ne suka fi ɗaukar zafi, su ke fara rauni, kuma guda ɗaya ya isa ya jawo lambar matsala P0A80, wadda kwamfutar gwaji ke nunawa, mai cewa a sauya batir. Maganin buroshi ne da ɗan haƙuri: a cire wayar negatif (mai alamar -) ta ƙaramin batir mai bolt 12, a kwance murfin gefen dama, a zare fankar, a goge fukafukanta ɗaya bayan ɗaya, ba da ruwa ba. Sau ɗaya a shekara ya wadatar, kuma bayan wucewar hunturu ya fi dacewa. Masu haya su lura kada fasinja ya toshe ragar da jaka ko babbar riga. Wanda kuma yake kashe na'urar sanyaya mota da tsakar rana don tsimin mai, batirinsa ne ke biyan kuɗin.

Na biyu a muhimmanci shi ne hanyar da ke mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin injin, wadda ake kira EGR. A wannan ƙirar, baƙin toka yana toshe bututunta da ma'adanin sanyaya hayaƙin da ƙananan ramukan da ke cikin bututun shigar iska. Idan suka toshe, zafin ƙonewa yana ƙaruwa, kuma makanikai da dama suna danganta hakan da ƙonewar gasket ɗin kan silinda, cutar da aka san wannan ƙirar da ita. Alamun su ne kakkarwa da ƙara idan aka tayar da ita da safe, raguwar ruwan lagireto ba tare da an ga yoyo ba, da lambobin P0401 ko P0301. Motar da ta haura kilomita 160,000 ba a taɓa buɗe wurin ba, lokaci ya yi. Aikin yini guda ne ga mai hannu. Ana jiƙa ma'adanin a ruwan wanke maiƙo har sai haske ya ratsa ta cikinsa, a bar shi ya bushe sarai kafin a mayar.

Ruwan sanyaya kashi biyu ne, kowanne da tankinsa: na injin da na na'urar juya wuta. Duka biyu ruwan sanyaya na Toyota mai launin hoda suke sha, kuma a haɗe yake zuwa, ba a ƙara masa komai. Ruwan rijiya ko na leda yana kawo tsatsa da gishiri. Bayan sauyin farko, duk kilomita 80,000 ake sauyawa. Idan motar tana kunne a leƙa tankin na'urar juya wuta. In ruwan ba ya motsi, famfonsa ya mutu.

Man giya ATF WS ne, wajen lita 3.3, kuma babu sandar awo. A fara kwance noti na sama kafin na ƙasa, kada a juye mai sannan a tarar na sama ya ƙi kwantuwa. A ɗura har ya fara dawowa ta bakin ramin, motar tana tsaye daidai. Filogi kuwa yana kaiwa kilomita 190,000, sai dai dole a cire waifa da farantin ƙarƙashinta kafin a kai gare shi.

Birki yana daɗewa domin injin lantarki ne ke yawan rage gudu, amma rashin aikin yana sa sandunan da ke zamewa su cije. A zare su a shafa girisin birki duk shekara. A nan ma a cire wayar ƙaramin batir tukuna, domin buɗe ƙofar direba kaɗai yana iya tayar da famfon birki ya turo fistan waje. Fitar da iska daga man birki kuwa a bar wa mai kwamfutar gwaji. Shi ƙaramin batirin na bolt 12 yana cikin but ta dama, kuma idan ya yi rauni motar takan ƙi nuna READY, ta cika allo da fitilu, har a zaci babban ne ya mutu. A gwada shi kafin a yi cinikin komai.

Sai gargaɗi game da masu ɗura gas ɗin sanyi. Kwamfuresar wannan mota da babbar wuta take aiki, kuma man ND-11 kaɗai take karɓa. Man da ake sa wa sauran motoci yana lalata kariyar wayoyin cikinta, wuta ta fara zurarewa, motar ta kawo P0AA6 ta ƙi tashi. Mai mota ya tsaya a kan aikin, ya ga gwangwanin man da idonsa, ya kuma tambaya ko an wanke tiyon da za a yi amfani da shi.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani makanikin lantarkin mota, Kano