Zuwa ga ɗana, kan inda kwamfuta take samo sunanta

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Tunda an ɗora maka kula da kwamfutocin wurin aikinku, ina so ka riƙe wannan da kyau: sunan da kwamfuta take amsawa a hanyar sadarwa ba daga wuri ɗaya yake fitowa ba. Duk ranar da suna ya canza da kansa ko ya ƙi zama, kada ka yi saurin sake rubuta shi. Binciko wanda ya raɗa shi tukuna.

A Linux, kanel, wato zuciyar babbar manhajar, yana riƙe da suna guda wanda bai wuce haruffa 64 ba, kuma da an kashe na'ura ya manta shi. Shi ya sa in ka buga umarnin hostname da sabon suna za ka ga ya canza nan take, amma da an sake kunnawa tsohon ya dawo. Lokacin tashi, systemd, wato manhajar da ke tayar da sauran ayyukan na'ura, yana karanta fayil ɗin /etc/hostname ya miƙa wa kanel abin da ke ciki. Wannan ne tsayayyen suna, shi ke gaba da saura. In fayil ɗin babu komai, NetworkManager, mai kula da haɗin na'ura da hanyar sadarwa, zai karɓi wanda sabar DHCP, wato mai raba wa na'urori adireshin IP, ta bayar ta zaɓi mai lamba 12. In ba ta bayar ba, ya tambayi DNS, wato tsarin da ke haɗa sunaye da adireshi, sunan da ke manne da adireshin IP ɗin. In nan ma babu, galibi sai a koma localhost.

Saboda haka ka riƙa amfani da hostnamectl set-hostname, domin yana gyara fayil da kanel a lokaci guda. Kuma kada ka tashi sai ka buɗe /etc/hosts, nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. A Debian da Ubuntu akwai layin da ya fara da 127.0.1.1, tsohon suna yana nan zaune a gabansa. In ka bar shi, sudo, wato umarnin da ke ba ka ikon mai gudanar da na'ura, zai riƙa ƙorafin ya kasa gano na'urar, wani lokaci har ya yi jinkiri yana jiran DNS. Ka gwada da hostname -f. Shi cikakken suna yake nemowa, yana bin jerin da ke cikin /etc/nsswitch.conf, yawanci /etc/hosts da farko sannan DNS. In sabar haya ce kuma sunan yana komawa na da, duba cloud-init, manhajar da ke saita irin wannan sabar lokacin tashi, ka sa preserve_hostname: true a /etc/cloud/cloud.cfg.

Kwamfutar Mac sunaye uku gare ta: ComputerName, LocalHostName da HostName. Na ukun galibi ba a saita shi ba, sai na'urar ta ɗauki abin da DHCP ko DNS suka ba ta. Wani zai zo maka a firgice, wai sunan baƙo ya bayyana a Terminal ɗinsa, wato tagar buga umarni, ko an yi masa kutse? Yawanci adireshin da wata na'ura ta riƙe a baya aka ba shi, DNS kuwa bai goge tsohon suna ba. Kwantar masa da hankali, ka tsayar da sunan da sudo scutil --set HostName.

Windows kan raɗa wa kanta suna mai farawa da DESKTOP lokacin girkawa, kuma sabon suna ba ya aiki sai an sake kunna ta. Kada ka wuce haruffa 15, iyakar NetBIOS ke nan, wato tsohon tsarin sunaye da Windows ke amfani da shi a hanyar sadarwa. Sunaye biyu da suka yi daidai a haruffa 15 na farko za su yi karo.

Wajen zaɓen suna, tsaya kan haruffan a zuwa z, lambobi da karan ɗori, kamar yadda takardar ƙa'idojin intanet RFC 1123 ta 1989 ta tanada. Ban da tazara, ban da haruffa masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ, kuma kada karan ɗori ya zo a farko ko a ƙarshe. In sabar tana da takardar shaidar tsaro ko tana cikin domen ɗin ofis, sanar da masu DNS kafin ka taɓa sunanta.

Allah ya yi maka albarka, ya dafa maka.

Mahaifinka