Auta zai sauka Kano ranar Talata

Jidda,
daren Alhamis.

Aminina Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da su Baba, da mutanen majalisa baki ɗaya. Mu nan alhamdu lillahi, sai dai gumin Jidda da ka sani, wanda mutum zai fito daga wanka ya rasa ko ya goge jiki ko bai goge ba.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutu mai tsawo daga wajena, ni da ko amsar gaisuwa da murya nake aikowa. Dalili shi ne saƙon murya ba shi da sirri. Ka buɗe shi a tsakar gida, uwargida ta ji, yara su ji, kafin magariba ya kai bakin famfo. Wannan kuwa magana ce da nake so ta tsaya tsakanina da kai.

An sallami Auta daga aiki. Autan Hajiya ta bayan masallaci nake nufi, wanda ni na yi masa hanya, kai kuma ka raka shi filin jirgi. Takardar fita ta dindindin, wadda muke ce wa huruj niha'i, ta riga ta fito, kamfani ya yankar masa tikiti, zai sauka a filin Malam Aminu Kano ranar Talata in Allah ya so. Abin da ya jawo kuwa, ba zan yi maka kwana-kwana ba, giya ce.

Na san abin da za ka fara cewa: giya a Jidda, nan da Ka'aba tafiyar awa guda? To Malam, akwai ta. Ba irin ta Sabon Gari ba mai kwalba da suna, wadda Hisba ke tarawa a bi ta kai da mota. Ta nan haɗin gida ce, ruwa da sukari da yis, a bar su su ruɓa a cikin jarka, a dafa a tace a wani ɗaki da ba wanda ya san da shi. Tana fitowa garau kamar ruwan sha, a robar ruwan sha kuma ake ɗura ta, har ka iya ganinta a hannun mutum ka ce ya sam maka. Wasu na ce mata arak, wasu sadiki, wato "abokina" da Larabci. Ka ji sunan da aka raɗa wa abin da, in mai dafawar ya kuskure, yake makantar da mutum ko ya aika shi barzahu.

Wani dattijo Batakare da muke shan shayi da shi, wanda a nan aka haifi ubansa, shi ya ba ni tarihin hanin. A 1951 ɗaya daga cikin 'ya'yan Sarki Abdul'aziz ya sha ya bugu, ya harbe mataimakin jakadan Ingila a nan cikin Jidda, sarki kuma ya haramta ta ga kowa da kowa a 1952, har da Turawa. Shekara saba'in da ɗoriya ke nan. A farkon 2024 ne aka buɗe wani kanti a unguwar jakadu da ke Riyad don jami'an ofisoshin jakadanci waɗanda ba Musulmi ba. Ranar da labarin ya fito yaranmu suka yi ta shewa wai ƙasa ta waye. Na ce musu wannan ƙofar ba don mai albashin riyal 1,500 aka buɗe ta ba, doka tana nan a kanku yadda take. Auta yana zaune a wurin, dariya kawai ya yi.

Ga yadda abin ya faru. Rumbun ajiyar kayan da muke aiki yana can kudancin gari, wajen da ake kira Humra (ba humrar matan Barno ba, nan ƙamshin gas ne da ƙura). Auta yana tuƙa 'yar motar nan mai cokula biyu da ake ɗaga kaya da ita. Juma'a ce ranar hutunmu, Asabar a koma da sassafe. Wannan Asabar ɗin ya fito ido jajur, ya hau mota, ya ɗauko lodin katan-katan na man girki, ya zo kwana bai rage gudu ba. Kayan suka zube a kan wani bawan Allah ɗan Bangaladash da ke lissafi a gefe. Ƙafarsa ta karye a wuri biyu. Da taku ɗaya ya ƙara gaba, a kansa za su sauka, da yanzu wata maganar muke yi. Mai kula da tsaron ma'aikata ya zo ya kama Auta zai sauko da shi, yana matsowa ya ji wari. Shi ke nan.

Washegari aka kira shi ofis a yi bincike a rubuce. Dokar ƙwadagon ƙasar nan tana da wani sashe na 80 da duk ɗan kwantiragi ya san shi kamar sunan ubansa. Shi ne ya ba mai kamfani damar korar ma'aikaci nan take, ba wa'adi, ba diyya, ba kuɗin sallama, in an tabbatar ya yi mugun hali ko abin da ya taɓa mutunci da amana. Sharaɗin dai shi ne a ba shi dama ya faɗi ta bakinsa. Larabcin Auta na kasuwa ne, ya iya ciniki da faɗa, amma ba na takarda ba. Sai aka ce a nemo mai fassara. Wa za a nemo in ba ni ba?

Wallahi Malam, na yi shekara goma sha ɗaya a ƙasar nan, na sha tsayuwa gaban askarawa igamata, wato takardar izinin zama, ta ƙare, ban taɓa jin ƙafafuna sun yi sanyi irin na ranar ba. Mudir, wato manajanmu, ya tambaya ko ya sha. Na juya masa da Hausa. Auta bai dube ni ba, ya ce, "Yaya, ka ce masa maganin mura ne." Na yi shiru. Mudir yana kallon bakina. Da ya ga shirun ya yi yawa sai ya ce ba komai, asibiti na nan kusa, a je a ɗebi jini, amma in aka je can magana ta fita daga hannunsa ta koma hannun hukuma. Ka san me wannan ke nufi: ɗauri, tara, daga nan a wuce da mutum Shumaisi, gidan tarhil da ke kan hanyar Makka, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu, a ɗauki zanen yatsunsa, ya jira jirgi cikin ɗaruruwan mutane, hanyar dawowa aiki kuma ta toshe. Na fassara masa wannan kalma bayan kalma, na ƙara da nawa, na ce, "Auta, ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Ya sunkuyar da kai ya ce ya sha, ranar Juma'a da dare, har wajen ƙarfe uku. Na mayar da Larabci. Ya sa hannu, ni ma na sa a ƙasan nasa.

Sai mudir ya ajiye biro ya dube ni, ya ce, kai da kuke ɗaki ɗaya, ka sani? Na ce ban taɓa ganinsa yana sha ba.

Wannan amsar ce ta hana ni barci, ita ce kuma ainihin dalilin wannan wasiƙa. Ban yi ƙarya ba, ban taɓa ganin robar a bakinsa ba. Amma na sani. Na fi wata takwas da sani. Na ga yaron da ke tashe ni asuba ya koma sai na yi ta bugun gadonsa. Na ga yana tauna kanumfari da tsakar dare. Na ga ya daina zama da mu ranar Juma'a, sai wasu abokai a wani sansanin ma'aikata da ban san su ba. Sau ɗaya na tsinci robar a bayan akwatinsa, na buɗe na shinshina, na tuttular a bayi, na mayar da ita wurinta ban ce masa uffan ba. A raina wai ya gane na gane, kunya za ta yi sauran aikin. Na kira abin rufin asiri. Da na zauna na duba, kaina na rufa wa. Ni na kawo shi, ni na tsaya masa wajen mudir, ina tsoron in na buɗe baki a ce ga irin mutanen da wane ke kawowa. Ga shi yanzu wani yana kwance da ƙarfe a ƙafa, mutumin da ke ciyar da mata da 'ya'ya uku a can ƙasarsu, bai san hawa ba bai san sauka ba. Mun je duba shi da Auta. Ya kama hannun yaron ya ce ya yafe. Inshorar raunin aiki za ta ɗauki maganinsa, amma ba ita za ta yi masa ɗingishin ba.

Kada ka ɗauka ina wanke Auta. Baligi ne, ya sauke Alƙur'ani a gabanmu, ya san haram ya san halal, ya kuma san abin da ya hau yana iya kisa. Kamfani bai zalunce shi ba a wannan. Ni da na sha zaginsu a kan jinkirin albashi, yau na ce sun yi masa sassauci da ba su kira 'yan sanda ba. Wani ɗan'uwanmu mai son shari'a ya zuga shi ya kai ƙara ofishin sulhu, in ba a daidaita ba a wuce kotun ƙwadago. Na ce da wane bakin? Ga sa hannunsa, ga shaidu, ga kyamara. Wanda aka kora ba dalili shi ke zuwa can ya samu haƙƙinsa, kuma ana samu. Shi kuwa in ya je, kansa zai kai.

Asarar dai ga ta. Doka ta ce in mutum ya kammala kwantiragi ana ba shi rabin albashin wata a kan kowace shekara ta biyar ɗin farko, daga nan kuma albashin wata cur a kan kowace shekara. Saura wata biyar Auta ya cika shekara 5. Da ya kai, riyal 3,750 zai karɓa a dunƙule, ban da shaidar aiki mai kyau da zai nemi wani wurin da ita. Duk sun tafi. Abin da aka ba shi kuɗin kwanakin da ya yi ne a watan nan da na hutun da bai ci ba. Mu 'yan ɗaki da wasu 'yan Zariya da ke sansanin kusa mun yi masa karo-karo, abin da ya samu ba yawa, ba zan ba shi a hannu ba, ta wajenka zan turo.

Akwai abin da ya kamata ka sani kafin ka gan shi, don kada ka yi masa faɗan da ba nan ciwon yake ba. Shekara uku yana tura kuɗi gida a saya masa fili a bayan gari a fara ɗora bulo. Hotuna ma ana turo masa. Bara wani ya je hutu, Auta ya roƙe shi ya leƙa masa wurin. Filin na wani ne, ginin na wani ne. Wanda ake tura wa kuɗin ka san shi, ciki ɗaya suka fito, ba sai na kama suna ba. Auta bai gaya wa Hajiya ba don hawan jininta. Bai gaya wa kowa ba sai ni, ni kuma na ce masa ya yi haƙuri, Allah zai mayar masa, na juya na ci gaba da barcina. A 'yan makonnin da suka biyo baya ne kanumfari ya fara.

Ina kuma yawan tunanin da unguwanninmu na nan da abin bai kai haka ba. Lokacin da ya zo, ranar Juma'a Karantina muke zuwa ko Sabil, mu ci tuwo miyar kuka a wajen matan nan masu abinci, mu zauna da dattawa, a yi wa yaro tsiya, a tambaye shi yaushe zai yi aure. Tun da aka rushe wuraren nan daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 jama'a suka watse, wasu Makka wajen Shara Mansur, wasu bayan gari, wasu gida. Yaro ya tashi daga aikin awa goma sha biyu ya koma ɗaki mai gado shida, ba mai kallon idonsa ya ce wane lafiya kuwa. Mai kallon da ya rage ni ne.

To ga roƙona. Ka je ka tarbe shi da kanka, kada ka aika yaro, kada kuma ka bari wan nasa ya ji lokacin saukar jirgi. Ka wuce da shi gidanka ya kwana biyu a shagon waje kafin ya shiga wajen Hajiya. Jikinsa na rawa da safe, ba ya cin abinci sosai, ban kuma san iyakar inda abin ya kai a jikinsa ba, don haka ka kai shi ya ga likita, ko a asibitin Malam Aminu Kano ko a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, wanda ya fi sauƙi. In ka ce Dawanau zai yi tirjiya ya ce shi ba mahaukaci ba ne, sai ka lallaɓa. Abin da za a gaya wa Hajiya kuwa, mun yi ta ja da shi. Shi yana so a ce kwantiragi ne ya ƙare. Na ce masa ni dai na gama irin wannan amsar, amma uwarsa ce, bakinsa ne, ba zan riga shi ba. Kai ma kada ka riga shi. In ta tsare ka da tambaya ka ce ta tambayi ɗanta.

Kuɗin da zan turo, ka riƙe su tukuna. In ka ga ya natsu, a duba ko za a samu mai ba shi Adaidaita ya riƙa biya a hankali, ko wani rumbu a Singa ko Dawanau da ke neman mai tuƙa irin motar da ya iya, don hannunsa na da kyau in yana cikin hayyacinsa. Amma duk wanda za ka kai shi wajensa, ka gaya masa abin da ya faru. In ya ɗauke shi a kan sani, to.

Na ba shi dabino kwali biyu, ɗaya naka ɗaya na Hajiya, da turaren da uwargida ta ce in nemo mata tun Ramadan, ka ba ta haƙurin jinkiri. Lambar jirgi da lokaci zan turo maka ta WhatsApp ranar Litinin da dare. Ka tsaya kusa da ƙofar fitowa ka sa ido sosai, ya rame ƙwarai, ya kuma tara gemu. Jallabiya ruwan toka zai saka, tawa ce, ta yi masa yawa.

Ka gaida Baba, ka ce ya sa mu a addu'a.

Wassalam,
naka na Jidda.