Ba 'yar talaka kaɗai jini ke yi wa ƙaranci ba

Malam Edita, assalamu alaikum. Dan Allah a ɗan ba ni fili.

Ni malama ce a wata sakandiren 'yan mata, kuma da wuya sati ya wuce wata ba ta yanke jiki ta faɗi a asambili ba, nan da nan sai ka ji ana cewa iska ce, a kawo ruwan tofi. To ni dai in na ja fatar idon yarinya ƙasa sai in ga cikin fari fat, tafin hannun ma kamar an wanke shi da omo.

Kwanaki biyu suka faɗi rana ɗaya, ɗaya babanta ɗan dako ne, ɗayar kuma direba ke kawo ta a mota. Aka kai su asibiti aka ɗebi jini, duk biyun magana ɗaya, ƙarancin jini. Ta farkon ban yi mamaki ba, koko ne da safe ba ko ƙosai, da dare tuwo, in an samu tsoka biyu to na kwanon maigida ne ita sai dai ta ji ƙamshi. Ta biyun ce ta ɗaure min kai. Firij cike da nama amma ita daga indomi sai lemon kwalba sai shayi mai kauri, wai ba ta son ƙiba, hanta kuma wai ƙarni. Da na kira mamanta cewa ta yi haba malama, a gidanmu? Washegari ta sa aka sayo katan ɗin maltina da madarar gwangwani wai suna ƙara jini. Wallahi ba wani sinadarin ayan (wato sinadarin ƙarfe da jiki ke haɗa jini da shi) na kirki a ciki, zaƙi ne kawai.

Binciken lafiya na ƙasa, NDHS na 2018, ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 na da ƙarancin jini, ai kuwa wannan adadi ya wuce a ce talauci ne kaɗai. Budurwa tana girma, tana zubar da jini duk wata, ga zazzaɓin cizon sauro ga tsutsar ciki, kuma kunya ba za ta bari ta ce al'adarta na yawa ba. A haka za a yi mata aure, ciki ya shiga, ranar haihuwa a ce miji ya nemo leda biyu ta jini ana ta kiran 'yan uwa a waya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da ba da shawarar a riƙa bai wa 'yan mata ƙwayar ayan da folik asid sau ɗaya a sati a inda matsalar ta yi yawa. Me zai hana ma'aikatun ilimi da na lafiya su kawo mana ita makarantu har da masu zaman kansu, tare da maganin tsutsa? Iyaye kuma wake, zogale, alayyahu da 'yar hanta ko sau ɗaya a sati ba su fi ƙarfin mutane da yawa ba, a haɗa da lemo ko gwaba, shayin nan kuma a bari sai an yi kamar awa ɗaya da cin abinci don yana hana jiki tsotse ayan ɗin.

Jiya ma na kama 'yar gidan mai motar da farar ƙasa a aljihun hijabi, ta ce min malama ni ma ban san me ya sa nake sha'awarta ba, alhali sau da yawa kwaɗayin cin ƙasa alama ce ta ƙarancin jini.

Wata malamar makaranta, Zariya