Sauraron waƙa a kan keke: daƙiƙun da kunne ke rasawa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili mu yi magana a kan wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare tun da wayar hannu ta shiga aljihun kowa: mutum ya toshe kunnuwansa biyu da iyafis, ya saki waƙa, ya hau keke ya faɗa titi. Mu masu koyar da hawan keke ne da gyaransa, kuma ana yawan tambaya ko akwai haɗari a cikin hakan. Akwai. Sai dai girmansa ya danganta da irin abin da aka sa a kunne, da ƙarfin sautin, da hanyar da ake bi. Shi ya sa cewa "a daina" kawai ba ta wadatar ba, don matasa ba za su daina ba sai an nuna musu inda matsalar take.

Direban mota yana da madubi uku, ga ƙarfe ya kewaye shi. Mai keke kuwa galibi ba shi da madubi ko ɗaya, kunne ne ke fara gaya masa abin da ke tafe a bayansa. A yi lissafi. Keke yana tafiya kilomita 20 a awa, mota tana biye da shi a kilomita 50. Bambancin kilomita 30 ne, wato motar tana cin kusan mita 8 na tazarar da ke tsakaninsu a kowace daƙiƙa. Idan ya ji ta tun tana mita 50, yana da daƙiƙa 6 da zai waiga, ya miƙe tafiyarsa, ya fasa kauce wa ramin da ke gabansa ta ɓangaren titi. Idan waƙa ta sa bai ji ta ba sai da ta zo mita 15, abin da ya rage masa bai kai daƙiƙa 2 ba, kuma kusan daƙiƙa guda tana tafiya ne kafin ƙwaƙwalwa ta gane abu har hannu ya kai ga birki. Abin da ya fi muni shi ne firgita. Wanda mota ta wuce shi ba zato yakan fizge kan keken, fizgar nan kuma ita ce ke kai shi ƙasa ko cikin hanyar motar da ke biye.

Jin ƙara ma bai isa ba, sai an san daga ina ta fito. Ƙwaƙwalwa tana gane haka ne ta hanyar kwatanta kunnuwan biyu: sauti yakan riga isa kunnen da ya fi kusa da ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, kuma yakan fi ƙarfi a can. Da an toshe kunne, wannan awon ya lalace. Mutum zai ji jiniyar motar asibiti amma ya rasa ta dama take ko ta hagu, ya matsa inda bai kamata ba.

Abubuwan saurare ba ɗaya suke ba. Mafi haɗari shi ne iyafis mai bakin roba da ke shiga cikin ramin kunne ya liƙe, domin ko ba a kunna komai ba ya riga ya rage sautin waje, musamman siraran sautuka irin ƙararrawar keke da kiran mutum. Idan kuma mai kashe hayaniya ne, abin ya ninku. Irin wannan yana da ɗan makirufo da ke sauraron ƙarar waje, ya fitar da kishiyarta don su soke juna, kuma ya fi ƙwarewa a kan gurnani mai kauri da ba ya canzawa. An ƙera shi ne don rurin injin jirgin sama, amma rurin injin tirela ma irinsa ne. Wato ƙarar da mai keke ya fi bukatar ji ita ce na'urar ta fi iya sharewa. Babban hedifon mai rufe kunne gaba ɗaya yana da wannan aibin, ga shi yana hana hular kwano zama daidai a ka.

Wasu sukan ce nasu yana da tsarin shigo da sautin waje. Yana taimakawa ga mai tafiya a ƙasa. A kan keke kuwa iska tana bugun makirufon, sai ya cika kunne da huci, kuma sautin da ya shigo ta na'ura bai cika nuna inda ya fito daidai ba. Mafi sauƙin haɗari shi ne irin wanda ke zama a kan ƙashin kunci, gaban kunne, yana tura sauti ta ƙashi, ramin kunnen kuma a buɗe. Amma kada a ɗauka ya gama magance komai. Sautin ƙashi da na titi duk a cikin kunne ɗaya suke haɗuwa, in an ƙure ƙarar, waƙar za ta danne motar kamar yadda aka saba.

Wani bincike da aka yi a Jami'ar Groningen ta ƙasar Holan, wanda aka wallafa a 2011, ya gwada masu keke da alamar sauti da ke umartar su su tsaya. Waɗanda suka sa iyafis na cikin kunne a kunnuwa biyu sun fi kowa kasa jin alamar, masu sa ɗaya kacal kuwa abin bai shafe su haka ba. Wannan ya yi daidai da dokar jihohin Kaliforniya da Niyok a Amurka, inda aka hana rufe kunnuwa biyu amma aka bar ɗaya. Faransa ta fi tsanantawa: tun 1 ga Yulin 2015 ta hana sa duk wani abin saurare a kunne yayin tuƙi, har da keke, tarar kuma Yuro 135 ce. Sifen ma ta hana. Kowa ya binciki dokar inda yake kafin ya bi shawarar da za mu bayar.

Inda doka ta yarda, kuma mutum ya ga lallai sai ya saurara, to ya sa kunne ɗaya, ya bar wanda ke fuskantar motoci a buɗe. A ƙasar da ake tuƙi ta hannun dama, motoci ta hagu suke wuce keke, don haka iyafis a kunnen dama zai zauna. A ƙasar da ake bin hagu sai a juya. A kashe tsarin kashe hayaniya. A saita ƙarar tun ana tsaye a gefen hanya, kada ta wuce rabin ƙarfin wayar, sannan a gwada: a murza yatsu biyu a tazarar kamu ɗaya daga kunnen da ke buɗe, ko wani ya yi magana da murya ta yau da kullum daga baya. Idan ba a ji sarai ba, a rage. Bayan an hau kada a ƙara, ko da iska ta danne waƙar. Nan ne yawancin mutane ke zamewa, gudu yana ƙaruwa, hucin iska yana ƙaruwa, yatsa yana ta ƙara sauti har ya kai matakin da ke cutar da kunnen kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya jure desibel 80 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) na awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. A desibel 89 awa 5 ne kawai, a 92 awa biyu da rabi. Ƙwayoyin ji da ke cikin kunne idan sun mutu ba sa sake tsirowa.

A jera waƙoƙin tun a gida, wayar ta shiga aljihu ta zauna. A gudun kilomita 20, daƙiƙa 3 na duba waya tafiyar kusan mita 17 ce ido ba ya kan hanya, hannu ɗaya kuma ba ya kan birki. Holan, duk da yawan kekunanta, ta hana riƙe waya a kan keke tun Yulin 2019. Idan iyafis ɗin mai igiya ne, a bi da igiyar ta cikin riga don kada ta sarƙe a kan keken lokacin waiwaye. Mun kuma fi jin tsoron hira da labarai da kiran waya a kan waƙa, domin magana tana jan hankali ne gaba ɗaya, mutum yana kallon mahaɗar hanya amma zuciyarsa tana bin zance.

Akwai wuraren da muke ganin babu uzuri, a cire komai: shataletale, mahaɗar hanya mai cunkoso, kusa da manyan motoci, da dare, cikin ruwan sama, wajen tsallaka layin dogo, da lokacin tafiya cikin ayari inda na gaba ke kiran "rami" ko "tsaya". Yara da masu koyo kuwa kada su fara.

A matsayinmu na masu gyara, akwai abin da ke damunmu ƙwarai. Keke yana kuka kafin ya lalace. Robar birki idan ta cinye, ƙarfe yakan fara gurzar rim da wani ƙara mai kaushi. Sarƙar da ta bushe tana ƙiiƙii, wadda ta saki tana bugun jiki kafin ta zame. Wayar ƙafar keke da ta kwance tana ƙyas-ƙyas a kowane juyi, tayar da ƙusa ta huda tana huci. Wanda ya toshe kunne ba zai san birkinsa ya ƙare ba sai ranar da ya matse shi a gangara.

Kada kuma a fahimce mu cewa buɗaɗɗen kunne ya wadatar. Kurame suna hawan keke lafiya, saboda sun saba waiwaye kafin kowane motsi, kuma haka ya kamata kowa ya yi. Motar lantarki idan tana tafiya a hankali da ƙyar ake jin ta, abin da ya sa Tarayyar Turai ta wajabta wa sababbin motocin lantarki na'urar yin ƙara a ƙaramin gudu, wani keken da ke tafe a baya kuma ba ya ƙara ko kaɗan. A waiga ta kafaɗa kafin a kauce wa motar da ke fake, kafin a karya kwana, a miƙa hannu a nuna inda za a bi, a kuma ɗaura ɗan madubi a kan keken ta ɓangaren da motoci ke wucewa.

Muna roƙon jaridarka, idan za ta kawo rahoton haɗarin keke, ta riƙa tambayar gudun motar da faɗin tazarar da direba ya bari, tare da tambayar abin da ke kunnen mai keken, don kada iyafis ya zama hujjar wanke direban da ya matse shi.

Mun gode. Wassalam.

Daga wasu masu koyar da hawan keke da gyaransa