Zaɓen rabin wa'adi a Amurka: a riƙa gaya mana wace majalisa aka ci

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan yadda kafofin yaɗa labarai na Hausa suke kawo mana sakamakon zaɓen rabin wa'adi na Amurka, wato zaɓen 'yan majalisa da ake yi a tsakiyar wa'adin shugaban ƙasa, domin na lura akwai wani giɓi a cikin bayanin da ake yi mana, wanda yake sa mai karatu da mai sauraro su tashi da fahimta rabi da rabi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a teburin mai shayin da muke zama bayan sallar asuba a nan Aboabo, cikin Kumasi, 'yan kwanaki bayan zaɓen ranar 8 ga Nuwamba 2022. Wani dattijon tela da ba ya rabuwa da ƙaramar rediyonsa ya ajiye kofi ya ce Biden ya sha ƙasa, an ƙwace masa majalisa. Wani matashi da yayansa ke tuƙin tasi a Bronx ya ɗaga wayarsa ya ce, "Baba, ba haka ba ne, ga shi nan an rubuta jam'iyyarsa ta riƙe majalisa." Suka yi ta ja har shayin ya huce, alhali kowannensu gaskiya ya ji. Majalisu biyu ake magana a kai, labarin da ya iso wa kowa kuma bai tsaya ya bambanta su ba, balle ya faɗi abin da ke hannun kowace.

A wancan zaɓe jam'iyyar Republican ta sami kujeru 222 daga cikin 435 na Majalisar Wakilai, Democrat ta Biden ta tashi da 213. A Majalisar Dattawa mai kujeru 100 kuwa, ɓangaren Democrat ya ƙara kujera guda ya kai 51, bayan John Fetterman ya ci jihar Pennsylvania, Raphael Warnock kuma ya kare kujerarsa a zagaye na biyu da aka yi a Georgia ranar 6 ga Disamba. Dalilin da ya sa majalisun biyu suke iya fuskantar gabas da yamma a rana ɗaya shi ne ba iri ɗaya ake cika su ba. Ɗan Majalisar Wakilai shekara 2 yake yi, kuma dukan kujerun ne ake sake zaɓa kowane karo, an kuma raba su ne bisa yawan jama'ar kowace jiha. Sanata shekara 6 yake yi, kashi ɗaya cikin uku kawai na kujerun ake fitarwa a kowane zaɓe, kuma kowace jiha sanata biyu gare ta, ko ita ce California mai mutum kusan miliyan 39, ko Wyoming da ba ta cika dubu 600 ba. Haka waɗanda suka rubuta tsarin mulkin suka daidaita a Philadelphia a 1787, don kada manyan jihohi su danne ƙanana. Saboda haka fushin jama'a yakan bayyana gaba ɗaya a Majalisar Wakilai, amma a ta Dattawa sai ya danganta da jihohin da layi ya zo kansu a wannan shekarar. An ga kishiyar wannan sakamako a 2018, lokacin da Democrat ta karɓe Majalisar Wakilai daga hannun jam'iyyar Trump, a daren da Republican ta ƙara ƙarfi a Majalisar Dattawa har ta kai kujeru 53.

Ƙarfin Majalisar Wakilai yana cikin aljihu da bincike. Duk dokar da ta shafi tara haraji daga can take farawa, kuma gwamnati ba ta kashe ko sisi sai majalisun biyu sun amince, don haka wanda ya riƙe ɗaya daga cikinsu yana iya tsayar da komai cik. Masu bibiyar labarai za su tuna yadda aka rufe wani sashe na ma'aikatun gwamnati tsawon kwana 35, daga ƙarshen Disamba 2018 zuwa ƙarshen Janairu 2019, a kan kuɗin katangar da Trump yake son ginawa a iyakar Meksiko. Masu rinjaye su ne kuma suke shugabancin kwamitoci, su kira minista ya zo ya amsa tambayoyi, su nemi takardu, su hana fadar shugaban ƙasa barci. Sannan ita kaɗai ce take da ikon tuhumar shugaban ƙasa, kuma rinjaye mai sauƙi ya ishe ta.

A nan ne nake da ƙorafi na musamman a kan kalmar "tsigewa". A Disamba 2019 kanun labaran Hausa da yawa sun ce an tsige Trump, kuma na san mutane a unguwarmu da suka kwana da tabbacin ya bar mulki, washegari suka gan shi a talabijin yana nan daram. Abin da Majalisar Wakilai ta yi tuhuma ce, kamar mai gabatar da ƙara. Zaman shari'ar na Majalisar Dattawa ne, kuma ba a sauke shugaba sai kashi biyu cikin uku na sanatoci sun same shi da laifi, wato 67 idan kowa yana zaune. An tuhumi Andrew Johnson a 1868, da Bill Clinton a 1998, da Trump har sau biyu, a 2019 da 2021, kuma babu ɗaya da sanatoci suka kama da laifi. A karo na ƙarshe ƙuri'a 57 aka samu, saura 10 a kai ga adadin. Idan jarida ta rubuta "an tuhuma" inda ya dace, ta ajiye "an tsige" sai ranar da aka tsige, ta taimaki mai karatu ƙwarai.

Majalisar Dattawa ita ce nake ganin ba a ba ta haƙƙinta a rahotanninmu, alhali tasirinta ya fi daɗewa. Ministoci, jakadu, manyan hafsoshin soja da alƙalan tarayya, babu wanda yake kama aiki sai ta tantance shi ta amince, kuma Majalisar Wakilai ba ta da ta cewa a wannan. Yarjejeniya da wata ƙasa ma sai kashi biyu cikin uku na sanatoci sun yarda, wanda shi ne ya sa Amurka ba ta taɓa shiga ƙungiyar ƙasashen da aka kafa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ba, ko da yake shugabanta Woodrow Wilson ne ya fi kowa fafutukar kafa ta. Alƙalin tarayya kuwa ba shi da wa'adi, yana kan kujera har ya mutu ko ya ajiye da kansa. Kasafin kuɗi na shekara guda ne, amma alƙalin da aka naɗa yana ɗan shekara 50 yana iya yanke hukunci a kan jikokin waɗanda suka zaɓi sanatocin da suka tabbatar da shi.

Bari in bi zare guda ɗaya don a ga yadda abin yake isowa har ƙofar gidajenmu. A zaɓen rabin wa'adi na 2014 Republican ta karɓi Majalisar Dattawa da kujeru 54, kuma ban tuna wani a Zango da ya damu da labarin ba. A Fabrairu 2016 alƙalin Kotun Ƙoli Antonin Scalia ya rasu, Obama ya gabatar da Merrick Garland, sai shugaban masu rinjaye Mitch McConnell ya ƙi ko da kiran zaman sauraronsa, kujerar ta zauna babu kowa har Trump ya hau ya naɗa Neil Gorsuch a 2017. A Yuni 2018 kotun ta halatta dokar Trump ta hana 'yan wasu ƙasashe shiga Amurka, akasarinsu na Musulmi ne kamar Iran, Libiya, Somaliya, Siriya da Yemen, da ƙuri'a 5 da 4, kuma Gorsuch yana cikin biyar ɗin. A farkon 2020 aka faɗaɗa dokar ta shafi 'yan Najeriya masu neman bizar zama. Babu wanda zai rantse da yadda Garland zai yi hukunci, amma a fili yake cewa ƙuri'a guda ce ta raba gardama, kuma zaɓen 2014 ne ya tsara wanda ya jefa ta.

Idan aka auna da wannan ma'auni, abin da Biden ya rasa shi ne damar zartar da manyan dokoki da kwanciyar hankali a kan kasafi da iyakar bashin gwamnati, abin da ya tsira da shi kuma shi ne ikon ci gaba da naɗa alƙalai da jakadu. Dama can rinjayen 51 ba ya isa a zartar da yawancin dokoki, saboda al'adar Majalisar Dattawa ta ba marasa rinjaye damar jan muhawara ba iyaka sai an sami ƙuri'a 60 da za su rufe ta. An cire wannan shinge a kan naɗe-naɗe a 2013, aka cire shi a kan alƙalan Kotun Ƙoli a 2017, shi ya sa kujera ɗaya tak take da nauyi haka. Mu ma da muke nesa da ruwanmu a ciki, domin dokar AGOA da take ba wa kayanmu damar shiga kasuwar Amurka ba tare da haraji ba tana da wa'adi, kuma sabunta ta sai majalisun biyu sun haɗa kai. Tallafin dala miliyan 547 na Amurka ga Ghana da aka sa wa hannu a 2006, wanda daga cikinsa aka gina babban titin George Walker Bush a Accra, shi ma majalisun ne suka ware kuɗinsa.

Ba zan rufe ba sai na waiwayo gida, saboda a ganina darasin ya fi amfani a nan. Mu a Ghana majalisa ɗaya gare mu, wadda a zaɓen 2020 take da kujeru 275, kuma rana ɗaya muke zaɓen ta tare da shugaban ƙasa, 7 ga Disamba duk bayan shekara 4, don haka talaka ba shi da wata dama a tsakiyar wa'adi da zai ja kunnen gwamnati da ƙuri'arsa. Zaɓen 2020 ne ya ɗanɗana mana abin da Amurkawa suka saba da shi, da jam'iyyun NPP da NDC suka tashi 137 da 137, ɗan takara mai zaman kansa na Fomena, a nan yankin Ashanti, ya zama shi ne mai karya kunnen doki. Mun ga sojoji a cikin zauren majalisa kafin a zaɓi Alban Bagbin na ɓangaren adawa a matsayin kakaki ranar 7 ga Janairu 2021, kuma shekara 2 cif bayan haka, ranar 7 ga Janairu 2023, Kevin McCarthy ya zama kakaki a Washington bayan zagaye 15 na ƙuri'a. Mun kuma ga abin da ƙaramin rinjaye yake haifarwa a kan harajin tura kuɗi ta waya: gwamnati ta nemi kashi 1.75, aka ba hammata iska a zauren a Disamba 2021, daga ƙarshe aka zartar da kashi 1.5 a Maris 2022. Matar da take sayar da koko da ƙosai a bakin layinmu, wadda take tura wa ɗanta kuɗin makaranta ta MoMo, ta ji wannan bambanci a jakarta ko da ba ta san sunan ko mutum ɗaya a kwamitin kuɗi ba.

Akwai masu kira a mayar da Majalisar Ƙasa mai ba shugaba shawara ta zama majalisa ta biyu, kuma sukan kafa hujja da Amurka da Najeriya. Ban goyi bayan wannan ba a halin da muke ciki. Abin da ya ba wa majalisun Amurka haƙora shi ne kowace tana da aikin da ɗayar ba ta isa ta taɓa ba, kuma ɗan majalisa ba ya zama minista sai ya ajiye kujerarsa. Sashe na 78 na namu tsarin mulkin na 1992 ya wajabta wa shugaban ƙasa ya ɗauko mafi yawan ministocinsa daga cikin majalisa, sashe na 108 kuma ya hana majalisa ta taɓa dokar haraji ko ta kashe kuɗin gwamnati sai in daga ɓangaren shugaban ƙasa ta fito. Ɗan majalisar da yake jiran a kira shi a ba shi ma'aikata da wuya ya tsananta bincike a kan mai kiran. Idan aka ƙara zaure na biyu a kan wannan tushe, albashi da motoci za a ƙara, ba sa ido ba. Senegal ta soke tata majalisar dattawan a 2012, Mauritaniya ta bi sahu a 2017. Inda irin wannan majalisa ta yi amfani, kamar yadda sanatocin Najeriya suka binne yunƙurin tazarce a Mayu 2006, ta yi ne domin tana da ikon cewa a'a kuma ta yi amfani da shi. Gyaran sashe na 78 da na 108 ya fi mana gaggawa.

Roƙona gare ka, ya Edita, shi ne idan zaɓen Amurka na gaba ya zo, wanda za a sake fitar da dukan kujeru 435 da kashi ɗaya cikin uku na sanatoci, jaridarka ta ware wa kowace majalisa nata kanun, ta faɗi adadin kujerun, ta kuma ƙara layi biyu ko uku a kan abin da masu rinjaye za su iya yi da abin da ya fi ƙarfinsu. Idan namu lokacin ya zo mu ma za mu fita tamu rumfar zaɓen, kuma zan so a yi wa 'yan takararmu na majalisa tambaya a kan waɗannan sassa biyu na tsarin mulki tun kafin ranar.

Na gode da wannan fili. Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Aboabo, Kumasi